Wa Ke Da Sararin Da Ke Bisa Gidan Wani?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

'Yan'uwa masu karatu, a cikin watan Fabrairu na 2018 wani ɗan al'amari ya auku a Jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda ya kamata mu ɗora shi bisa ma'aunin Shari'a. Wani mutum ya tayar da ɗan ƙaramin jirginsa marar matuƙi, irin wanda ake maƙala wa kyamara don sha'awa, ya bi da shi ta saman hedkwatar kamfanin Apple, ginin nan da aka yi shi a kewaye kamar zobe. Jirgin ya kuɓuce masa, ya faɗa kan rufin, ya maƙale a tsakanin allunan da ke tara hasken rana.

Tambayar da ke fara zuwa a zuciya ita ce, shin za a mayar masa da abinsa? Wannan ba ta da wuya. Dukiyar mutum ba ta fita daga mulkinsa don ta faɗa gidan wani, kamar rigar da iska ta ɗauke daga kan igiya ta jefa ta maƙwabta. Amana ce a hannun masu wurin. Shi kuma ba shi da ikon tsallaka katanga, sai ya tsaya a ƙofa ya nemi izini. In kuwa ya fasa wani abu, biya ya hau kansa, domin ganganci da kuskure duk ɗaya ne wajen ramuwar dukiyar mutane.

To, amma inda gizo ke saƙa shi ne, tun kafin jirgin ya faɗi, yana da hakkin ratsa wurin?

Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki sararin sama a kan abin da ba shi da mai shi ba. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya bayyana cikin Furuƙ cewa hukuncin sarari yana bin hukuncin abin da ke ƙarƙashinsa, watau na bisa masallaci masallaci ne, na bisa mulkin wani mulkinsa ne. Muhtasar ma ya halatta sayar da sararin da ke bisa gini. Sai dai ba na ganin wannan hakki ya kai har inda jiragen alhazai ke bi, gama wucewarsu can ba ta cutar kowa. Kotun Ƙoli ta Amurka ta kusanci wannan a 1946, cikin ƙarar wani mai kiwon kaji da jiragen soja ke bi ta saman gonarsa ƙasa-ƙasa, har kaji kamar 150 suka mutu don firgita. Ta ce can sama hanyar kowa ce, amma sararin da ke kusa da ƙasa na mai ƙasa ne. Abin lura kuwa, dokar can ta hana waɗannan ƙananan jirage wuce ƙafa 400, watau ta tsare su a sashen da ya fi kusa da rufin mutane.

Sa'an nan ga maganar ido, wadda a gare ni ta fi ta sarari nauyi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa saboda gani ne aka shar'anta neman izini. Duk almajirin da ya karanta Risala ya san an hana mutum buɗe tagar da zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa. Mene ne wannan jirgi in ba taga mai fiffike ba?

Wani zai ce, "Malam, ai kamfani ba gida ba ne, ba iyali a ciki, ga shi kuma ya fi wasu ƙasashe kuɗi." Gaskiya ne laifin bai kai na leƙen gidan aure ba. Amma akwai ma'aikata a ciki waɗanda ba su yarda a ɗauke su hoto ba, akwai kuma asirin sana'a, kuma ban taɓa karanta inda yawan dukiya ya zubar da hurumin mai ita ba.

Hukuncin nan ya hau kan kamfanin shi ma. Jirgin da ya faɗo yana iya ɗauke da hotunan gidan mai shi da na 'ya'yansa. Masu wurin suna da hakkin neman ya goge abin da ya ɗauka na cikin harabarsu, a gabansu. Amma in suka buɗe sauran suka duba, sun aikata abin da suke kuka da shi.

Allah ne Mafi sani.