Tsoron da Muke Gadar wa 'Ya'yanmu



Kwanakin baya na hau Keke Napep daga cikin gari zan dawo gida. Kusa da ni akwai wata mata da ɗanta, bai wuce shekara shida ba, sai surutu yake zubawa. Muna hawa gadar kogin Kaduna ta zare hular kansa ta cusa a jaka, ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Yi shiru, mun shigo wajensu." Yaron ya yi tsit. Bai tambayi su wa ake nufi ba, alamar ya riga ya sani. Ina da yaƙinin ranar da zai yi furfura ma, in ya hau gadar nan, sai gabansa ya faɗi.

Ban ga laifin matar nan ita kaɗai ba. Wanda ya ga rikicin Fabrairun 2000, ya ga Nuwamban 2002, ya kuma ga Afrilun 2011, ba a ce masa ya manta. An kashe mutane, an ƙone gidaje, iyalai sun yi musayar unguwa, har masu barkwancin baƙin ciki suka laƙaba wa arewacin kogi Makka, kudanci kuma Kudus. To amma yaron nan me ya gani? Bai ga komai ba. Hukunci muka miƙa masa, muka riƙe labarin.

Ga labarin da muke ɓoyewa. A da Kakuri garin ma'aikata ne. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL, sannan Nortex da UNTL da Arewa suka biyo baya, Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a 1975. In lokacin tashi daga aiki ya yi, kekuna ne ke cika titi maƙil, Bahaushe da Bagwari da Bayarabe da mutumin Kagoro da Tibi, kowa da burbushin auduga a gashin kai. Layi ɗaya suke bi ranar albashi, ƙungiyar ƙwadago ɗaya, gidan haya ɗaya, famfo ɗaya. Ranar Sallah yaro ne ake aika da kwanon nama ɗakin maman Bulus, ranar Kirsimeti kwanon ya dawo da shinkafa. Wanda aka aika da kwanon nan yana ɗan shekara bakwai, yau ko an zuga shi, akwai wata kunya da take riƙe masa hannu.

KTL ta rufe a 2002, sauran ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Yaran da aka haifa a lokacin yanzu sun girma, wasu da 'ya'yansu. Ba su da masaƙar da za ta haɗa su, makarantu kuma galibi kowa da ta unguwarsu. Abin da suka sani game da na tsallaken kogi shi ne abin da suka ji a tsakar gida. Me kuwa suka ji? A wannan gida "arne", a wancan "aboki" da sigar raini. Yaro ya ƙi cin tuwo, a ce za a kira su su tafi da shi. Maƙwabci ya aiko da abinci, a karɓa da fara'a, yana juya baya a ce a zuba wa kaji, yaro yana tsaye yana kallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa ga inda muke tanƙwara namu.

Ba a ce kowa ya sassauta addininsa ba. Koya wa ɗanka sallah, ki kai 'yarki coci. Tsoro da raini ne ba sa cikin darasin. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun fuskanci juna a rikicin 1992, fasto ya rasa hannu, liman ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Sun haɗu a 1995, amma sai da suka ɗauki shekaru suna kokawa da zukatansu kafin su amince da juna. Abin da ya shiga ƙashi ba ya fita da sauƙi, shi ya sa gara kada ya shiga.

Malaman Islamiyya da na makarantar Lahadi, ku kula da abin da kuke faɗa bayan an rufe littafi, don yara sun fi riƙe shi. Ku kuma iyaye, kusan kowane gida a Kakuri yana da labarin maƙwabcin da ya ɓoye wani a ɗakinsa ranar tashin hankali, ko ya raka shi har barikin soja. Don Allah, yau da dare bayan an ci tuwo, ku tara yara ku faɗa musu sunan mutumin nan.