Ƙofa Mai Ƙyaure: Lafiyarka da Hutunka a Lokacin Kirsimeti

Karatu: Nehemiya 13:15-22; Markus 6:30-32
Ayar haddacewa: 1 Korantiyawa 6:19-20

Ga Disamba ta kama, ga tambayar da nake so mu duba tare a gaban Allah: shin daidai ne mai bi ya ƙarar da lafiyarsa da kwanciyar ransa domin ya yi bikin haihuwar Sarkin Salama?

Da baki kowa zai ce ba daidai ba ne. Amma ka duba ikilisiya a mako na biyu na Janairu. Wannan yana kwance jininsa ya hau, wancan yana ɓuya wa mai bin sa bashi, miji da mata ba sa ga maciji saboda kuɗin anko, yara kuma suna gida domin kuɗin makaranta ya tafi wajen shinkafa da kaji. Amsar da muke bayarwa da aikinmu ta sha bamban da wadda muke bayarwa da baki.

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Nassarawa zuwa Kantin Kwari ya san cunkoson wurin: motoci a kan gadar sama, adaidaita sahu a ƙasa, ga hon, ga ƙurar hunturu. Ƙofar tana nan tsaye, amma dare da rana a buɗe take, kowa ya shige. A da ba haka ƙofofin birnin nan suke ba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina ganuwa, Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kuma ya faɗaɗa ta. Ƙofofin suna da ƙyaure, suna da sarkin ƙofa mai lura da shige da fice, in dare ya yi a rufe. Mutanen da ba ƙin baƙi suke yi ba, Kano garin kasuwa ne tun fil'azal. Sun dai gane cewa garin da ba ya rufe ƙofa ba ya barci da ido biyu rufe.

Abin da Nehemiya ya gani ke nan a Urushalima. An gama ginin garu, an kafa ƙofofi, amma ran Asabar, ranar da Allah ya keɓe domin hutu, sai ga jakuna ɗauke da kaya suna shigowa, ga mutanen Taya suna tallar kifi. Kifi ba haram ba ne, ciniki ma ba zunubi ba ne. Laifin shi ne sun cinye ranar hutu. Nehemiya ya ba da umarni a rufe ƙofofi tun da yamma kafin Asabar ta shiga, ya sa bayinsa tsaro. Fatake suka kwana a bakin garu sau ɗaya, sau biyu, da suka ga ba wasa, suka daina zuwa. Karin Magana 25:28 ta kwatanta mutumin da ba ya iya kame kansa da birnin da garunsa ya rushe. A watan Disamba da yawa daga cikinmu mun zama ƙofa marar ƙyaure: kowace buƙata ta shigo, kowace gayyata mu amsa, kowane kwano mu buɗe.

Kada wani ya ce mai bishara ya hana biki. Wannan Nehemiya ɗin ne, a sura 8 aya 10, ya ce wa jama'a su je su ci mai kyau, su sha mai daɗi, su aika wa waɗanda ba su da shi. Biki kyautar Allah ne. A ci shinkafa, a soya cincin, a kai wa maƙwabtanmu Musulmi kwano kamar yadda suke kawo mana ran Sallah. Ƙyaure dai muke nema, domin farin cikin ya shigo, ɓarnar ta tsaya a waje. Ga ƙofofi huɗu da ya kamata ka tsare.

Ta fari ita ce ƙofar aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowa ya san yadda kuɗin mota da na abinci suka tashi. Duk da haka muna so Kirsimetin bana ta yi daidai da ta shekarun da buhun shinkafa yake da sauƙi. Sai a ci bashi. Karin Magana 22:7 ta nuna mai cin bashi bawan mai ba shi ne, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda aka ci domin ganin ido ya fi hana barci. Ka tuna da iyalin da muke bikin ɗansu. Da Yusufu da Maryamu suka kai jariri Yesu Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa (Luka 2:24). In ka duba Littafin Firistoci 12:8, za ka ga wannan hadayar wadda ba ta da halin ɗan rago ce. Ba su ranto rago domin kada a raina su ba, Allah kuma ya karɓa. To, kafin ka shiga Kantin Kwari ko Kasuwar Singa, zauna da matarka ko mijinki, ku fara ware kuɗin makaranta da na haya da baikon godiya. Abin da ya rage shi ne kuɗin biki. In ankon zumunta ya fi ƙarfinki bana, ki sa atamfar bara, ki yi rawa a gaban Ubangiji da ita. Shugabannin zumunta kuma, kada a mai da wanda bai yi anko ba saniyar ware. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ta biyu ita ce ƙofar baki. A ranar Kirsimeti mutum zai shiga gida biyar, a kowane gida a ajiye masa soyayyen nama da lemon kwalba, yana jin kunyar ya ce ya ƙoshi. Kwalba ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da sukarin da ya wuce cokalin shayi 10. Ka lissafa kwalba biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗanon da muke zubawa a miya gishiri ne mafi yawansa. Mai hawan jini da mai ciwon suga, jikinka bai san yau biki ake yi ba. Ka ɗanɗana kaɗan, ka yi godiya, ka nemi ruwa. A hunturu ƙishirwa ba ta cika damun mutum ba, amma iskar tana busar da jiki, don haka ka riƙa shan ruwa ko ba ka ji ƙishi ba. Kai mai masauki, kada ka tilasta wa baƙo. Ka ajiye lemon zaƙi da kankana da zoɓo marar sukari da yawa kusa da naman. Abincin da aka dafa tun daren jiya kuma, in babu wutar da za ta riƙe firji, a tafasa shi sosai kafin a ba yara.

Ta uku ita ce ƙofar lokaci. Koyon waƙa kowace yamma, wasan kwaikwayon yara, taron godiya, bukukuwan aure, addu'ar dare, sa'an nan addu'ar shiga sabuwar shekara. Duka abubuwa ne masu kyau. Amma a Markus 6, manzanni sun dawo daga wa'azi da warkarwa, jama'a na ta kai da kawowa har ba su sami damar cin abinci ba, sai Yesu da kansa ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta. Aikin Allah suke yi, Mai aikin ne kuma ya ce a dakata. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye a dare. In ka kwana a addu'a, ka rama barcin da rana, kada kuma ka kama sitiyari ko babur da asubar nan.

A nan ina da magana da mazaje. Wa yake tashi tun ƙarfe uku na dare ran 25 ga wata yana fama da murhu? Wa yake zuwa sujada a makare, ya yi gyangyaɗi lokacin wa'azi, ya koma wanke-wanke har dare? Matanmu ne da 'yan matanmu. Muna karanta labarin Marta a Luka 10 muna cewa hidima ta ɗauke mata hankali, amma mu ne muke ɗora wa Martar gidanmu tukunya bakwai. Maigida, rage yawan girkin, ka kama yankan kaji da ɗiban ruwa, ka sa samarin gida wanke kwanuka. Ita ma an haifa mata Mai Ceto, tana da hakkin ta zauna ta ji Maganar.

Masu tafiya gida, ko Malumfashi ne, ko Kafanchan, ko Jos ta hanyar dajin Falgore, ku yi sammako, ku isa da rana. Kada ka zuga direba ya yi gudu domin ka riski wani taro. In ka ga yana gyangyaɗi ko ya cika lodi, ka yi magana. Wanda kuma sanyi ya dame shi, kada ya kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, kada a kunna janareto a cikin gida ko a bakin taga. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsu ba ta da wari, tana ɗauke mutum cikin barci.

Ta huɗu ita ce ƙofar zuciya, a nan ne kuma gardamar take. Wani zai ce, "Mai bishara, ina bangaskiya? Ni na karɓi warkarwata, na ajiye maganin hawan jini. Ƙarfin Ruhu ne yake riƙe ni, ba barci ba." Mu ikilisiya ce mai gaskata cewa Yesu yana warkarwa yau kamar jiya, ba za mu janye wannan ba. Amma ka lura da jarrabar da Shaiɗan ya yi wa Ubangiji a kan ƙololuwar Haikali (Matiyu 4:5-7). Da Nassi ya zo, yana cewa ya faɗa ƙasa tun da mala'iku za su tare shi. Yesu ya kira wannan gwada Allah. Mutumin da awon jininsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ya watsar da magani, ya ƙi barci, ya cika ciki da gishiri, sa'an nan ya ce Allah zai tsare, a kan wannan ƙololuwar yake tsaye. Hawan jini sau da yawa ba ya ba da alama kafin ya kayar da mutum. In ka gaskata an warkar da kai, je a auna ka, likita ya tabbatar, shaidarka ma za ta fi ƙarfi. Allah ne ya yi wa Sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38). Luka da ya rubuta mana labarin haihuwar Yesu likita ne (Kolosiyawa 4:14).

Ka tuna da Iliya kuma. Bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu daga Yezebel, ya zauna a jeji ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da tsawta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, sai daga baya a Horeb ya yi magana da shi (1 Sarakuna 19). Wani baƙin cikin da kake kira harin maƙiyi, gajiya ce da yunwa da rashin barci suka buɗe masa hanya. Wanda kuma wannan ce Kirsimetinsa ta fari ba tare da miji ko mata ko ɗa ba, kada ya tilasta wa kansa dariya. Ka nemi fasto ko wani amintaccen ɗan'uwa ka faɗi abin da ke ranka. Mu sauran kuma mu rage gida ɗaya cikin gidajen da za mu je cin nama, mu je mu zauna da gwauruwa.

To, mu koma kan tambayarmu. Jikin nan ba naka ba ne, Bulus ya ce haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, da tamani aka saye shi. Abin da aka ba ka amana ba ka da ikon ƙarar da shi domin mutane su yaba. Idan gajiyar domin ƙauna ce, kamar jinyar mara lafiya ko ciyar da mayunwaci, Ubangiji zai sabunta ƙarfinka. Idan kuwa domin tsoron bakin mutane ce, ka sani ko rago goma ka yanka sai an sami mai magana. A daren yau ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwa uku da za ka ce musu a'a a wannan wata, ka nuna wa iyalinka, ku yi addu'a a kai. Kamar fataken Urushalima, buƙatun za su kwana a bakin ƙofa sau ɗaya ko sau biyu. In suka ga ba ka buɗe ba, za su tafi.

Addu'a: Ya Uba, na gode domin kyautar Ɗanka Yesu. Ka ba ni hikima in san abin da zan karɓa da abin da zan ƙi. Ka 'yantar da ni daga tsoron idon mutane, ka tsare iyalina a gida da kan hanya, ka ta'azantar da masu makoki, ka kai mu sabuwar shekara da lafiya da salama. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.