Ko Ya Kamata A Nemi Lissafi Wurin Mai Gaskiya?

Sau da yawa idan aka ce wa ma'ajin ikkilisiya ya kawo littafin baiko a duba, sai ransa ya ɓaci, ya ce, "Ashe ba ku yarda da ni ba?" 'Yan'uwa, tambayar tana da nauyi. A zamanin sarki Yowash ba a nemi lissafi wurin masu gyaran Haikali ba, saboda amincinsu. Amma Manzo Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai tare da waɗanda ikkilisiyoyi suka zaɓa. Wanne za mu bi?

Bari mu duba Amurka sa'ad da gwamnatinta take jaririya. A 1775, da aka naɗa George Washington shugaban sojojin da za su yaƙi Ingila, ya ƙi karɓar albashi. Ya ce a biya shi abin da ya kashe kawai. Kada mu cika yabo a nan, gama mai arziki ne, yana da gonaki da bayi. Talakan soja ba zai iya wannan ba. Abin da ya fi burge ni shi ne littafinsa. Shekara takwas ana rubuta kuɗin dawakai, da na abinci, har da na 'yan leƙen asiri, ko da yake ya ɓoye sunayensu. Kuɗin tafiyar matarsa zuwa sansani ma, sai da ya yi jinkiri a kansa, sa'an nan ya saka shi a fili tare da dalilinsa, domin masu bincike su yanke da kansu. A 1783 ya miƙa littafin. Da aka bi shi, bambancin da aka samu bai kai dala ɗaya ba.

Ba wanda yake tuhumarsa. To, don me ya wahalar da kansa? A ganina, ya san kuɗin ba nasa ba ne, kuma akwai masu jin yunwa a bayansa. A watan Yuni na shekarar nan sojojin da ba a biya ba suka kewaye majalisa a Filadelfiya, har 'yan majalisar suka bar garin. Wanda bai ga haƙƙinsa ba, ba ka kwantar masa da rai da cewa kai mutumin kirki ne. Sai ya ga inda kuɗin ya shiga.

Tsarin mulkinsu na 1787 ya wajabta a riƙa buga lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, ya kuma hana a ware wa soja kuɗin da ya wuce na shekara biyu a lokaci guda. Duk da haka rubutu a takarda bai isa ba. A Nuwamba 1791 'yan asalin ƙasar suka ragargaza rundunar Janar St. Clair, soja fiye da 600 suka mutu. Majalisa ta yi bincike a 1792, ta tarar kayan yaƙi da guzuri sun zo a makare, waɗansu kuma marasa kyau ne. Ɗan kwangilar, William Duer, ba baƙo ba ne; dā shi ne mataimakin Alexander Hamilton a baitulmali. Sananne ne, an yarda da shi. A shekarar ce aka kafa ofishin akanta na musamman a ma'aikatar yaƙi. Duer kuwa ya shiga kurkukun masu bashi, ya rasu a 1799.