Ko Ya Dace a Sayar da Gona Domin Zuciyar Uba?

Idan kitse ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, likita yakan zura siririn bututu ta hannu ko ta cinya, ya hura ɗan balan-balan a inda ta tsuke, sa'an nan ya bar 'yar ragar ƙarfe ta riƙe hanyar jini a buɗe. A birnin Zurik aka fara aikin balan-balan ɗin a 1977. A 2017 gwamnatin Indiya ta ƙayyade kuɗin ragar, ta mai da shi ƙasa da rufi 30,000. Saboda irin wannan arha, 'ya'yan majiyyaci sukan sa ido can.

Amma raga kaɗai ta yi arha. Akwai jirgi, da masauki, da mai jiyya, da magungunan hana jini daskarewa na watanni. Sau da dama gonar gado ce take biya.

Uban da yake son ransa bai yi laifi ba. 'Ya'yan kuwa, banda ƙauna, akwai tsoron bakin mutane, kada a ce sun bar tsoho ya mutu da kuɗi a hannu. Wannan tsoro ba ya auna ciwo. In jijiya ta toshe farat ɗaya, ragar tana ceton rai, amma cikin sa'o'i kaɗan, ba mai jiran biza. In kuwa ƙirji yakan yi zafi ne sai an yi aiki, babban binciken da aka buga a Amurka a 2007 ya nuna raga ba ta rage mutuwa fiye da magani kaɗai ba.

Kafin a kira dillalin gona, ya kamata a ji wanne ne ciwon tsohon daga bakin likitan da ba shi da riba a tafiyar, tsohon kuma yana zaune a wurin.