Ƙugiyar tarago: wa zai cire tasa?

Ƴan uwa, a Turai da Amurka da Japan akwai masu kashe kuɗi da lokaci a kan ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, masu gudu da lantarki bisa tebur. Kuma ba yara kaɗai ba fa, har da dattawa masu furfura. A samfurin HO an rage jirgin gaske sau 87, a samfurin N sau 160. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƴar ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago.

Kowane kamfani da irin tasa. Ka sayi inji mai ƙugiyar Fleischmann, ka sayi tarago mai ta Roco, girma ɗaya, dogo ɗaya, amma sai su ƙi riƙe juna.

A shekarun 1960 kamfanin Arnold na Jamus ya fito da wata ƙugiya, Rapido, don samfurin N, ya bar sauran kamfanoni su yi irinta. Sai taragon Jamus ya kama na Italiya, ya kama na Japan. Sai dai ƙatuwa ce, mai kusurwa, ba ta yi kama da ta jirgin gaske ba ko kaɗan. A Amurka kuwa wasu tagwaye, Keith da Dale Edwards, sun ƙera Kadee, mai kama da hannuwa biyu sun sarƙe, irin wadda Eli Janney ya yi wa rajista a 1873 don manyan jirage. Da maganaɗisu a ƙarƙashin dogo take buɗewa, ba sai ka sa hannu ba. Ta fi kyau nesa ba kusa ba, amma duk mai son ta sai ya sauya wa taragunsa ɗaya bayan ɗaya.

To wanne ya fi: abu mai dama-dama da ya haɗa kowa, ko abu mai nagarta da ya haɗa kaɗan? Zuciyata na wajen Arnold, don jirgin da bai haɗu ba tarkace ne kawai. Amma in dubban taragu sun riga sun ɗauki mai dama-daman, wadda ta fi ta sai ta sha wuya kafin ta samu shiga.

Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Turai, MOROP, ta bi wata hanya da ƙa'idarta NEM 362. Ba ta zaɓi gwani ba. Kuben da ake zura ƙugiyar kawai ta daidaita, faɗinsa da tsayinsa daga dogo, kamar a ce ƙota ɗaya, kowa ya sa ruwan fartanyarsa. Dabara ce, amma ba ta kashe maganar ba. Ƙugiya biyu daban har yanzu ba sa kama juna. Dole wani ya zare tasa.

Wa ke zarewa? Mai tarago uku, ba mai ɗari ba. A lissafi haka ya fi araha, ban musa ba. Amma araha da adalci ba uwa ɗaya ta haife su ba. In kullum ƙarami ne ke sauyawa, ko da tasa ta fi, ba wanda zai taɓa gwada ta.

Mu ma da ke rubuta wannan ɗan littafi muna ciki. Mu muna rubuta ƴ, a Kano suna rubuta 'y. Mu mu ce bik da lakwal, su su ce biro da makaranta. Littattafansu sun cika kasuwar Maraɗi da Damagaram, namu kuwa fotokofi ne. Kun dai san wa ke da tarago uku. Ina jin wasu abokanmu na cewa mu koma irin tasu don a karanta mu. Wasu na cewa ko kusa. Kowa da hujjarsa, ni dai ban yarda a kira na farkon maciya amana ba, ko na biyun masu taurin kai.

Masu jiragen nan suna da wata ƴar dabara: su ware tarago guda, su sa masa wannan ƙugiya a gaba, waccan a baya, ya haɗa ayari biyu. Kullum a tsakiya yake zama, kuma in aka juya shi da gangan ko da mantuwa, ba ya kama na gaba, ba ya kama na baya.