Ɗigo na Uku

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake ɗora katanga ya ga abin da birkila ke fara yi. Yakan daidaita bulo ɗaya a wannan kusurwa, ya taka zuwa can ƙarshe ya daidaita wani, sannan ya ɗaura igiya tsakaninsu ya ja ta ta miƙe sosai. Shi ke nan, sauran bulon da za su shiga tsakani ba sai an yi ta auna kowanne ba, igiya ce ke nuna wa kowane bulo mazauninsa. Abin da hannun birkila ya sani shi ne Yuklid, masanin lissafi na birnin Iskandariyya a ƙasar Masar, ya sa a sahun farko na sharuɗɗan littafinsa wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato tsakanin kowane ɗigo biyu ana iya jan miƙaƙƙen layi. Kuma layin guda ɗaya ne tak, babu na biyunsa.

Wannan ne dai darasin da yara ke haɗuwa da shi a ƙaramar sakandare, ranar da malamin lissafi ya ce a zo da takardar giraf da rula da fensir. Da yawansu daga ranar suke fara tsanar lissafi, kuma abin yana damuna, domin ban san wani darasi da ya fi wannan kusa da rayuwar gida ba.

A ce akwai tankin ruwa a kan rufin gida mai cin lita 1,000. Da safe an tarar da saura lita 200 a ciki. Aka tayar da inji, yana tura lita 50 a kowane minti. Idan muka kira mintocin da suka wuce x, ruwan da ke cikin tanki kuma y, to maganar duka ta taru a layi ɗaya: y = 50x + 200. Ma'anarsa, ka ninka mintoci sau hamsin, ka ƙara ɗari biyun da ka tarar. Irin wannan jimla ce 'yan makaranta ke kira ikweshan, kuma ba ta ƙunshi komai ba face labarin tankin nan a taƙaice.

Don a mai da labarin zane, sai a ja layi a kwance a jera mintoci a kansa, a ja wani a tsaye a jera litoci, su haɗu a sifili. Sai mutum ya zaɓi minti da kansa ya tambayi lissafi. A minti sifili, ruwa lita 200 ne. A minti goma, sau hamsin ya ba da 500, a ƙara 200 ya zama 700. Kowace amsa tana da gida guda a takarda: ka yi tafiya dama gwargwadon mintoci, ka hau sama gwargwadon litoci, ka ɗiga fensir. Ɗigo biyu sun samu. Ka aza rula ka ja layi.

Daɗin abin yana nan. Sau biyu kacal aka yi lissafi, amma layin ya amsa tambayoyin da ba a yi masa ba. Nawa ne ruwan a minti bakwai? Ɗora yatsa kan bakwai, hau har ka taɓa layi, duba hagu: lita 550. Yaushe tanki zai cika? Fara daga 1,000, bi kwance har ka ci karo da layi, sauko ƙasa: minti 16. Inda layin ya taɓa gefen tsaye, wato 200, shi ne abin da aka tarar tun kafin a soma aiki. Tsananin hawansa kuma ƙarfin inji ne. Da injin ya fi haka ƙarfi, da layin ya fi haka miƙewa sama. Yaron da aka nuna masa waɗannan abubuwa biyu ya riga ya riƙe darasin, ko da ya manta sunayen da littafi ya ba su.

'Yan Adam sun daɗe kafin su gane cewa lissafi da zane za su iya zama abu ɗaya ta wannan hanya. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla yake warware irin waɗannan matsaloli, babu x babu y. Sai a 1637 Bafaranshen nan Rene Descartes ya fitar da rubutunsa da ya ɗaure aljabara da zane, a daidai lokacin da ɗan ƙasarsu Pierre de Fermat ya kai ga irin wannan tunani ta tasa hanyar. Sama da shekara 800 ke nan tsakani. Abin da muke so yaro ɗan shekara goma sha uku ya haɗiye a zama ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, ya kamata a yi masa haƙuri.

To amma malamin kirki ba ya barin ɗalibi ya tsaya a ɗigo biyu. Yakan ce a nemo na uku. Ɗalibai kan ga kamar ƙarin wahala ne, tunda an riga an ce biyu sun isa. Ni kuwa a ganina wannan ɗigo na uku shi ne zuciyar darasin.

Dalili shi ne ɗigo biyu ba sa taɓa musu da juna. Ko ina ka ajiye su a takarda, daidai ne ko kuskure, rula za ta haɗa su ta ba ka layi miƙaƙƙe, kyakkyawa, babu alamar aibi. A ce yaro ya yi lissafin minti goma, ya samu 500, ya manta bai ƙara 200 ba. Zai ɗiga a 500, ya haɗa da ɗigon farko, ya samu layi sumul. Wannan layi zai gaya masa cewa tanki sai kusan minti 27 zai cika. Idan da gaske ne, zai tafi wata hidima ya bar inji yana aiki, ruwa sama da lita 500 ya kwarara a banza. Babu abin da ke cikin zanensa da zai yi masa gargaɗi. Amma da ya gwada minti huɗu, lissafi zai ba shi 400, alhali layinsa a wurin yana kan 320. Ɗigon zai tsaya shi kaɗai a sama, ya ƙi shiga sahu. Nan take ido zai ga akwai matsala.

Sai dai a lura, ɗigo na uku ba ya nuna wanda ya yi laifi. Abin da yake faɗa kawai shi ne ɗaya daga cikinmu ba daidai yake ba. Na ga yara da yawa suna goge na ukun, saboda shi ne ya zo daga baya ya ɓata musu zane, ko su ɗan karkata rula don layin ya ratsa tsakani kowa ya samu rabo. Wannan shi ne abin da ya fi kamata malami ya hana, fiye da kuskuren ninkawa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya zo ya saɓa wa abin da ka riga ka shimfiɗa, sau da yawa shi ne kaɗai mai gaskiya a wurin, kuma hakkinsa ne a koma a sake bin lissafin duka ukun daga farko.

Akwai kuma batun tazara. Yaro mai son sauƙi yakan zaɓi minti ɗaya da minti biyu, don ninkawar ba wuya. Ɗigon biyu sai su kasance manne da juna. Idan tazararsu santimita ɗaya ce, bakin fensir ya goce da milimita ɗaya kacal, to a nisan santimita goma gocewar ta zama santimita guda cur. Shi ya sa ake ɗaukar ɗaya a farko, ɗaya can nesa, na uku a tsakani. Haka abin yake ga wanda ya ga mutum sau biyu a mako ɗaya, a yanayi iri ɗaya, ya yanke hukunci a kan halinsa gaba ɗaya. Shaidarsa ta yi kusa da juna ƙwarai, ba za ta ɗauki nauyin da ya aza mata ba.

Ko ɗigo uku ma suna da iyaka, kuma wannan ba kasafai ake faɗa wa ɗalibai ba. Idan yaron nan ya manta da 200 a duk lissafinsa, zai samu sifili, 200, da 500. Ukun za su jeru a layi ɗaya ba tare da gardama ba, domin kuskure ɗaya ne ya haife su. Abin da zai cece shi shi ne ya ɗaga kai daga takarda ya tambayi kansa: lokacin da aka tayar da inji, tankin wayam yake? A'a, da ruwa a ciki. To me ya sa layina ya tashi daga sifili? Shaidu uku da suka ji magana daga baki ɗaya, shaida ɗaya ne.

Sannan ba kowane abu ne ke tafiya a miƙaƙƙen layi ba. Tankinmu ya yi haka ne don inji yana ƙara adadi ɗaya a kowane minti. Farashin hatsi ba haka yake ba. Wanda ya duba kuɗin buhun masara a kasuwar Dawanau a watan Janairu, ya sake dubawa a Afrilu ya ga ya hau, idan ya aza rula ya ja layi har Nuwamba zai yi zaton hawan zai ci gaba. Manomi kuwa ya san cewa a yawancin shekaru, da kaka ta yi sabon hatsi ya shigo kasuwa, farashi yakan sauko. Kafin a ɗauki rula, tambayar farko ita ce ko abin da ake aunawa yana ƙaruwa daidai wa daida.

Littattafai sukan sa kibiya a kowane ƙarshen layi, alamar cewa ya zarce ba iyaka. A lissafi zalla haka ne. Ikweshan ɗinmu zai amsa maka ko minti ɗari ka tambaye shi, zai ce lita 5,200. Amma tankin lita 1,000 ne. Zan so malamai, bayan yara sun gama cike jadawali sun ja layinsu kamar yadda jarrabawar WAEC da NECO ke nema, su ƙara tambaya ɗaya: a ina layin nan ya kamata ya tsaya? A zanen tankinmu amsar ita ce minti 16. Daga nan, ko inji na ci gaba da aiki, zanen gaskiya sai ya kwanta a kan 1,000, ragowar ruwan yana bin bango yana sauka ƙasa.