KANSILA MA ZAI TSAYA HISABI



Ku lura da yadda ake rubuta ta'aziyyar tsohon ɗan siyasa a ƙasar nan. Za a ce ya fara da kansila, ya zama kansila mai gafaka, ya yi mataimakin ciyaman, ya yi ciyaman, daga nan ya wuce majalisar jiha. A jera kujeru kamar matakalar bene, a rufe da Allah Ya jiƙansa. Amin. Amma abin da yake tsaya mini a rai shi ne, mu ci gaba muke ƙirgawa, alhali kowace kujera a cikinsu littafi ne daban da za a buɗe masa. Wanda ya hau biyar, tambaya biyar ke jiransa. Kuma ta farkon nan da aka raina, ita ce ta fi kusa da wuyan talaka.

Mu ɗauki Ɗankaza. Mazaɓa ce guda cikin goma na ƙaramar hukumar Wudil, Wudil kuma guda ce cikin 44 na jihar Kano, cikin 774 na Najeriya. Mutumin Ɗankaza zai iya rayuwa har ya mutu bai ga shugaban ƙasa ido da ido ba, gwamna kuwa sai lokacin kamfe. Amma kansila? Sahu ɗaya suke sallah. Ya san wace rijiyar burtsatse ce ta lalace, ya san ajin da iska ta yaye wa kwano, ya san asibitin sha-ka-tafi da babu ko maganin zazzaɓi. Na Abuja wataƙila ya ce labari bai iso shi ba. Kai da kake wuce wurin kullum a kan babur, me za ka ce?

Ayyukan ma ba ɓoyayyu ba ne. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa su: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mayanka, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, sannan sa hannu a makarantun firamare da lafiya a matakin farko. Daga ranar suna har ranar jana'iza ke nan. Wallahi wannan ba ƙaramar hukuma ba ce sai dai a suna.

Imam Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarr, Allah Ya yarda da shi, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi wani muƙami. Annabi ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa cewa shi mai rauni ne, abin kuma amana ne da zai zama kunya da nadama ranar ƙiyama, sai ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa ya kuma sauke abin da ke kansa. Abu Zarr fa! Mutumin da gaskiyarsa da gudun duniyarsa ba a jayayya a kansu. Ashe yawan sallah kaɗai ba ya sa mutum ya iya riƙon jama'a. Masu cewa "wane mutumin kirki ne, a ba shi" su ji wannan. Masu cewa neman mulki haramun ne ko ta yaya, su ma su koma Suratu Yusuf, inda Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kafa hujja da abu biyu: tsare amana da sanin aiki. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka, da waɗannan biyun za ka auna shi, ba da atamfa da taliya ba.

Inda ƙafa take zamewa kuwa, yawanci ba a babbar sata take farawa ba. A "alheri" take farawa. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware kaya biyu, ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya tambaya, don me bai zauna a gidan iyayensa ba ya ga ko za a kawo masa kyautar? To, a yi wa kai wannan tambayar. Ɗan kwangilar da yau yake aiko maka da rago da sallah, yana aikowa kafin a rantsar da kai? Kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, da shanun da ke shiga kara, da motocin da ke lodi zuwa kudu, duk akwai kuɗin shiga a kansu. Ban ce wane ya ci ba, ban kama sunan kowa ba. Ina cewa ne duk naira ɗaya da aka karɓa ba rasit, ko aka yanka rasit ba ta isa baitulmali ba, tana da masu ita, kuma yawansu ya fi ƙarfin a bi su ɗaya ɗaya a nemi yafiya. Wanda ya cuci mutum guda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Wannan ciwo ba yau ya fara ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙ ya ambaci "gaisuwa" da sunanta cikin abubuwan da ya soki masu mulkin zamaninsa da su. Ƙaninsa Malam Abdullahi, a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam don mutanen Kano su san yadda ake riƙon jama'a a shari'a. Aka yi zamanin En'e, Malam Aminu Kano da NEPU suka yi ta fama da ita tun 1950. Aka yi garambawul na 1976 da ya haifar da ƙananan hukumomin da muka sani. Suna yana canzawa, zuciyar ɗan Adam tana nan.

Na san uzurin da ake kawowa: kuɗin ba sa isowa, sama ake riƙe su a asusun haɗin gwiwa. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ma a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma a daina naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Allah ba Ya tambayar bawa abin da bai shiga hannunsa ba. Amma ɗan abin da ya shiga fa? Sa hannun da ka yi a takardar aikin da ka san ba a yi ba fa? In ka ga kujerar ta zama ta sa hannu a kan ƙarya kawai, ajiye ta ma hanya ce, ba a ɗaure kowa a kai ba.

Mu ma jama'a da namu. Tun asuba an cika ƙofar gidan kansila: matata ta haihu, kuɗin makaranta, cefanen azumi. Albashinsa nawa ne? Idan ya ba ka daga kuɗin kwalbati ka ce ɗan albarka, idan ya gina kwalbatin ya hana ka ka ce marowaci, sai mun haɗu a zaɓe. Da hannunmu muke tura su wuta, sannan mu zauna a majalisa muna zaginsu.

Wasu sun sauka tuntuni, girma ya zo, abin yana damunsu a ɓoye, suna tambaya ko Umara ko gina masallaci zai wanke. Tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar. Malamai sun ce dukiyar jama'a baitulmali ake mayar da ita. Idan kuwa mutum ya tabbata can ma cinyewa za a yi, sai ya kashe ta a maslahar mutanen da aka ɗauka daga gare su. Ka ƙiyasta abin da ke kanka, ka rinjayar da yawa ba kaɗan ba, ka je mazaɓar da ka wakilta ka gyara rijiyar, ka rufa ajin. Kada ka kafa allo da sunanka, kada ka kira 'yan jarida, kada kuma ka sa shi a lissafin sadakarka, don bashi ne kake biya. In ƙarfinka bai kai ba gaba ɗaya, ka fara da abin da ya sawwaƙa, ragowar ka rubuta a wasiyya a fitar kafin rabon gado.

Wallahu a'alam.